Tambayi Likita: Wa zai riƙe mana hidimar yarinyar nan?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan yara masu buƙata ta musamman suke, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Likita, ɗana wata 11 ne, yana zama, yana rarrafe, yana dafa kujera ya miƙe, amma bai taka ba. In damu? (Wata uwa daga Gyallesu)

Kwantar da hankalinki, yana kan hanya. Yaro lafiyayye na iya kaiwa wata 15 ko fiye bai taka ba. Idan ya cika wata 18 shiru, ko kika ga ya daina abin da ya riga ya iya, to ki kawo shi asibiti.

Assalamu alaikum Likita. 'Yata shekararta 4, an ce ƙwaƙwalwarta ta samu rauni wajen haihuwa. Muna zuwa asibitin koyarwa na Shika ganin likitan yara, ga gashi na motsa gaɓoɓi, ga maganin farfaɗiya, an ce a gwada jinta a Kaduna, ga batun makaranta. Maigida kullum yana kasuwa a Sabon Gari, ni kuma ga goyo. Wani mutum ya zo ya ce yana da ƙungiya, zai riƙe mana komai in mun biya kuɗin fom mun ba shi hotunanta. Ƙanwar maigida da ta yi karatun lafiya ita ma ta ce za ta taimaka. Wa zan zaɓa? (Wata uwa daga Tudun Jukun)

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya, Ya ba yarinya sauƙi.

A wasu ƙasashe wannan aiki ne mai zaman kansa. A Ostareliya, ƙarƙashin tsarin tallafa wa masu naƙasa da suka fara a 2013, akwai ma'aikacin da ake biya don ya haɗa kan likita da mai gashi da makaranta. A nan Zariya uwa ce ke yin wannan aikin, da goyo a baya da tukunya a kan wuta. Don haka neman mataimaki da kike yi daidai ne. Sai dai kafin ki zaɓi mutum, ki san aikin da za ki ɗora masa.

Aikin ba magani ba ne, wannan na likitan yaranku ne. Mataimaki shi ne mai riƙe littafi guda, yadda uwar adashe ke riƙe nata: ranar komawa asibiti, sunan kowane magani da adadin da ake sha, ranar da farfaɗiya ta tashi da tsawon lokacin da ta ɗauka, nauyin yarinya, abin da mai gashi ya koyar. Shi ne zai lura magani ya kusa ƙarewa tun saura mako guda. Shi ne zai ɗauki maganar likita ya kai wa mai gashi, ya ɗauki ta mai gashi ya kai wa malamar makaranta, domin waɗannan mutanen ba sa haɗuwa, kowa ɓangarensa kawai yake gani. Kuma shi ne zai buɗe baki a gaban likita ya ce, "Ban gane ba, a sake yi mana bayani." Yawancin iyayenmu kunya ke hana su wannan, su fito da takarda a hannu ba su san me aka ce ba.

Mataimaki na gari zai kuma taya ku sanin abin da za a fara da shi, tunda kuɗi da ƙarfi ba sa isar komai lokaci guda. A yarinya irin taki, tsayar da farfaɗiya da gyara cin abinci su ne gaba. Sai gashi, wanda mafi yawansa a gida ake yi: awa guda a asibiti koyarwa ce, motsa gaɓoɓin kullum a tabarmarki shi ke hana su sandarewa. Gwajin ji kada a jinkirta shi, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Makaranta ta biyo baya, amma ba a manta da ita ba.

Yanzu mu zo kan mai ƙungiya. Ba na ce duk ƙungiya macuciya ce ba, akwai masu aiki tsakani da Allah. Amma wanda ya fara da kuɗin fom da hoto kafin ya tambayi wane magani yarinya take sha, ni hankalina bai kwanta da shi ba. Ki tambaye shi, a gaban maigida: me takamaimai za ka yi mana, kuma wa ke biyanka? Ina ofishinku, ina takardar rajistarku? Haɗa mu da iyaye biyu da ka taimaka wa, mu ji daga bakinsu. Sannan ki je sashen walwalar marasa lafiya na asibitin koyarwa, ki tambaya ko sun san ƙungiyar. Wannan sashe mutane da yawa ba su san da shi ba, alhali ma'aikatansa aikinsu kenan, haɗa mabuƙata da inda taimako yake.

Duk wanda ya yi miki alkawarin yarinya za ta warke sarai, ki rabu da shi. Raunin ƙwaƙwalwa irin wannan ba ya ƙaruwa, amma kuma ba ya gogewa. Abin da ake nema shi ne yarinya ta kai iyakar abin da za ta iya, kuma sau da yawa iyakar nan ta fi yadda ake zato nisa. Haka wanda ya ce a ajiye maganin asibiti a sayi wasu ƙwayoyin "ƙarin kuzari" a wurinsa. Haka wanda ya ce ki ba shi katin asibiti da ainihin takardun gwaji ya riƙe. Kwafi ake bayarwa. Batun hoto kuwa, kin dai ga yadda ake yi: a ɗora hoton yaro a Facebook yana dalalar da yawu, a rubuta lambar asusun wani a ƙasa, iyaye su ga abin da bai taka kara ya karya ba. Dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta yin bara da mai naƙasa ko yawo da shi don neman sadaka, hukuncin kuwa tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Idan har za a nemi taimakon jama'a, a yi da yardarku, asusun ya zama naku, kuma a suturta yarinya.

In ni ce, ƙanwar maigida zan ɗauka, amma da sharaɗi. Tana da lokaci na gaskiya, ko kara ce kawai ta sa ta faɗa? Aure ko aiki zai ɗauke ta daga Zariya nan kusa? Kuna jituwa, har ki iya ce mata a'a ba tare da magana ta kai ɗakin surukarki ba? Kin fi ni sanin gidanku. Karatun lafiyar da ta yi zai taimaka wajen gane rubutun likita, amma bai ba ta ikon ƙara magani ko rage shi ba. Ku gwada wata uku ku gani. Littafin ya zauna a ɗakinki, hukuncin ƙarshe naki ne da mahaifinta, kuma a samu mutum na biyu da ya san inda komai yake saboda ranar uzuri.

Malam maigida, in ana karanta maka wannan: ka bar wa yaronka shago ka zo asibiti ko da sau ɗaya a wata uku. Kai ke fitar da kuɗin, gara ka ji dalilinsa da kunnenka.

Kuma duk wanda kika zaɓa, idan farfaɗiya ta wuce minti 5, ko yarinya ta shaƙe tana numfashi da ƙyar, ko zazzaɓi ya rufe ta, ba a jiran mataimaki. A ɗauke ta sai asibiti.

Shin akwai wani tallafi na gwamnati ga irin yaranmu? (Wani uba daga Samaru)

A takarda akwai. Dokar da na ambata ta ba su ilimi kyauta har sakandare, an kafa hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020, ga kuma inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA. Ka je ka tambayi abin da ɗanka ya cancanta, ka tafi da haƙuri da kwafin takardu, kada kuma ka dakatar da magani kana jiran amsa.

Likita, ɗana shekara 2, wuyansa bai tsaya ba, jikinsa yana murɗewa. Ya yi shawara a makon haihuwa, muka riƙa shanya shi a hantsi. Kakarsa ta ce ɗan ruwa ne, a kai shi bakin kogin Galma a ajiye, in nasu ne su ɗauki abinsu. Wani mai magani kuma yana yi masa hayaƙi da jiƙo. (Wani magidanci daga Dakace)

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, ka saurare ni da kyau. Yaronka ɗan Adam ne, ɗanka ne, jininka ne. Yaron da wuyansa bai tsaya ba in aka ajiye shi a bakin kogi, ba wani aljani da zai zo. Ruwa ne zai ci shi, ko sanyi, kuma sunan wannan kisan kai a shari'a da dokar ƙasa. Ina roƙonka kada ka bar shi a hannun duk wanda ke wannan magana, ko na awa ɗaya.

Amsar tana cikin wasiƙarka. Shawarar jarirai tana zuwa ne idan wani sinadari mai launin rawaya da ke fitowa daga rushewar ƙwayoyin jini ya taru, hantar jariri ba ta gama ƙwari ba balle ta fitar da shi. In ya yi yawa sai ya shiga ƙwaƙwalwa ya taɓa wurin da ke sarrafa motsi da wurin ji. Daga nan murɗewar jiki take fitowa. Hantsi ba ya maganin shawara mai tsanani, ruwan gulukos ma haka. A asibiti ana sa jariri ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, in ta kama a canja masa jini. Ba na faɗi wannan don ka zargi kanka ko matarka ba, abin da aka koya muku kuka yi. Na faɗa ne saboda haihuwa ta gaba: a gwada rukunin jinin uwa tun da ciki, a cire kafur daga cikin kayan jariri domin yana farfasa jinin wasu yaran, kuma da zarar ido ya yi rawaya a tafi asibiti a ranar, ba a jira suna ba.

Hayaƙin nan kuwa, don Allah me yaro ya yi muku? Irin waɗannan yara haɗiya ma wahala take ba su, ƙirjinsu ba ya rabuwa da ciwo, sai kuma a lulluɓe su a turara musu. Jiƙon da ake ɗura masa yana kwance, rabinsa huhu yake tafiya. Ɗura ta kowane iri, ko kunu ne, a daina ta. A zaunar da shi a tallafe kansa, a ba shi abinci mai ɗan kauri da cokali kaɗan-kaɗan.

Addu'a ban hana ba, ku yi ta, ku tofa masa. Amma ka kawo shi wurin likitan yara a Shika a cikin makon nan, a fara gashi, a gwada jinsa. Yawancin yaran da shawara ta taɓa suna fahimtar abin da ake faɗa fiye da yadda jikinsu ke nunawa, don haka a daina kiransa ɗan ruwa a gabansa. In da hali ka zo da kakar, mu yi mata bayani cikin girmamawa. Tsoro ne ke sa ta magana, kuma abin da ta taso ta ji kenan.

Akwai yaro mai farfaɗiya a ajinmu na Islamiyya. Iyaye suna cewa a cire shi kada yawunsa ya shafi 'ya'yansu. (Wani malami daga Kwarbai)

Malam, ba a ɗaukar farfaɗiya, ba ta yawu, ba ta numfashi, ba ta haɗa kwano. A bar yaro ya yi karatunsa. In ta tashi, a janye abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe, a duba agogo. Kada a cusa cokali a baki, haƙora kawai yake karyawa. Kada a ɗura ruwa ko manja, kada a kai ƙafa wuta, balle fitsarin saniya da har yau wasu ke bayarwa, wanda guba ne. Ta wuce minti 5, asibiti. Ka kuma faɗa wa iyayensa kada su tsayar da magani rana tsaka don sun ga sauƙi.

Ɗana shekara 3 ba ya magana. An ce linzami ne, a kai shi wanzami ya yanke. (Wata uwa daga Hayin Dogo)

Kada aska ta taɓa shi. Da wuya linzami ya hana yaro magana gaba ɗaya, ga zubar jini da cutar da askar ke iya sa masa. Abu na farko gwajin ji ne. In jinsa lafiya, likitan yara zai duba ko galahanga ce, wato autism, ko wani jinkiri. Kada ki jira "baki ya buɗe da kansa", shekara uku ta isa a bincika.

An haifa mana jariri ƙafafunsa biyu sun lanƙwashe ciki. Mu jira ya yi ƙwari? (Wani uba daga Giwa)

Kada ku jira, kuma kada ku kai shi wurin mai ɗori, ba karaya ba ce. A makonnin farko ake samun sakamako mafi kyau: ana miƙar da ƙafar a hankali a sa filasta, a canja duk mako kamar sau 5 zuwa 8, galibi a yi ɗan ƙaramin aiki a agara, sannan takalmi mai ƙarfe a tsakani da zai riƙa kwana da shi har kusan shekara 4. Wanda ya yar da takalmin da wuri, ƙafa komawa take yi. Ku je sashen ƙashi a Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, tun cikin makon nan.