Kogi a gaban alƙali

Ɗana, tambayarka ta sa ni murmushi, ta kuma ɗan dame ni. Ka ji wai kogi yana kai ƙara kotu, kana tambaya ko ba tsohuwar al'adar bautar ruwa ce aka dawo da ita ba. Ai ba wanda ya ce a roƙi kogi. Doka ce ta ɗauke shi tamkar maraya mai dukiya, ta naɗa masa waliyyi.

Dubi kogin Whanganui na New Zealand. Tun shekarun 1870 mutanen Maori, 'yan asalin ƙasar, ke kai kuka a kansa. An rushe musu shingayen kamun kifi don jiragen ruwa su wuce, an yi ta kwasar tsakuwa daga cikinsa, daga baya aka karkatar da ruwan mafarinsa zuwa tashoshin lantarki. Kakanninsu kan ce, "Ni ne kogin, kogin shi ne ni." Sai a 2017 majalisa ta yarda cewa tun daga duwatsu har bakin teku abu guda ne mai haƙƙin kansa. Mutum biyu ke magana da yawunsa, ɗaya zaɓin Maori, ɗaya na gwamnati, aka ware dalar ƙasar miliyan 30 don gyara shi. Duk da haka ba a soke tsoffin lasisin ɗibar ruwa ba, har yau ana karkatar da shi.

Manyanmu sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan ne Indiya ta yi tuntuɓe. A watan Maris na 2017 babbar kotun jihar Uttarakhand ta ba kogunan Ganga da Yamuna irin wannan matsayi, ta ɗora amanar a kan jami'an gwamnati. Jihar ta ɗaukaka ƙara: kogunan suna ratsa wasu jihohi, kuma in ambaliya ta ci gidaje wa zai biya? A watan Yuli Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin.

Ƙasar Ekwado ta Kudancin Amurka kuwa tun 2008 ta sa haƙƙin halittu a tsarin mulkinta, kowa na iya shigar da ƙara a madadin daji ko rafi. A 2011 kogin Vilcabamba ya ci shari'a kan duwatsu da ƙasar da masu faɗaɗa hanya ke zuba masa, amma aka daɗe ana jan ƙafa wajen kwashewa.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu, za ku kwana kuna musu a waya ko wannan ya halatta, ga leda da baƙin mai kuna zubawa a magudanar ruwa. Ka taɓa bin sawu ka ga inda suke ƙarewa?