Amsa kan filashin da fayilolinsa suka koma shotkot

Malam, ka ce ka kai filashinka shagon buga takardu a Sabon Gari, ka dawo fayiloli duk sun koma shotkot, wato alamun da ke nuni zuwa fayil kawai. Ba su goge ba, bairos ne ya ɓoye su. Kada ka danna ko ɗaya, dannawar ce ke shigar da shi kwamfutar. Bincike filashin da Microsoft Defender, manhajar kariya daga bairos da ke cikin Windows, sannan ka buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka sa harafin da kwamfuta ta ba filashinka a madadin E. Za su fito.

Filashi dai ba ma'ajiya ba ce. Nemi hadis (hard disk) na waje, ka kwafe kayanka duk Juma'a, ka zare shi. In ka bar shi a jone, bairos mai kulle fayiloli zai haɗa da shi. Muhimman takardu kuwa, Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, na ba da 15GB kyauta.