Alhaji ya canza babur, kai ma ka canza hannu

Sani, ka tambaye ni me ya sa na hana ka taɓa BMW ɗin da Alhaji ya kawo, alhali shekara da shekaru kai kake yi wa Suzuki V-Strom 650 ɗinsa sabis. Ka ce ai babur babur ne. Jawo benci ka zauna.

Wannan R1200GS ne, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 2004 da 2012, kuma kusan komai nasa ya saɓa wa abin da hannunka ya saba. Leƙa ƙafar baya. Ka ga sarƙa? Babu. Farfela ce ke juya tayar, kamar ta mota. Wankin sarƙa da ɗaure ta da Alhaji yake yi duk dawowarsa daga Jos ya ƙare, amma akwai ɗan man giya a cikin cibiyar tayar da ake canzawa. Kuma duk zuwansa ka ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, ka kama tayar da hannu biyu ka girgiza. In ka ji tana wasa, ko ka ga mai yana tsattsafowa, kira ni kafin ka kwance ko noti ɗaya.

Inda na fi jin tsoro shi ne kuloci. Na Suzuki a cikin baƙin mai yake wanka, shi ya sa yake haƙuri. Alhaji ya saba riƙe shi rabi-rabi a cunkoson Kawo ko na Kasuwar Barci a nan Kaduna, bai taɓa ganin illa ba. Na wannan busasshe ne, faranti ɗaya, yana zaune tsakanin inji da giya. Ka riƙa jan sa haka, zai yi ƙauri, ya cinye kansa. Ranar da za a canza shi kuwa sai an raba babur gida biyu, an ɗaga bayansa sama. Aikin yini guda ne cur, kayan ma sai an aika Legas ko ƙasar waje, ba a Panteka za ka tsince su ba. Sai a 2013 kamfanin ya koma kuloci mai jiƙa, tare da sanyaya inji da ruwa. Na Alhaji iska da mai ne ke sanyaya shi, ba shi da fanka, don haka kada ka bar shi yana ta aiki a tsaye cikin zafin Afrilu kana hira.

Sai wuta. Na san halinku, da an ce a ƙara fitila sai ku fere waya ku haɗa. Wannan ba shi da akwatin fiyus irin wanda ka sani. Kwamfuta ce ke lura da kowane layi, in ta ji nauyin da ba ta gane ba ta yanke shi. Ƙarin fitila daga batir ake ɗauko ta, da nata fiyus da rile, wato ɗan makunnin da ke sakar mata wuta. Notunansa ma masu bakin tauraro ne, sifanar da ba tasu ba kashe musu kai take yi.

Shi ma mai babur akwai abin da za ka gaya masa, cikin ladabi, don ya girme mu a hanya. Tirafiketa a nan maɓalli biyu ne, ɗaya a kowane hannu, babban yatsansa zai yi ta lalube kwana biyu. Gaban ba ya dulmiya sosai in an matse birki, sai mutum ya ɗauka birkin bai kama ba, ya ƙara matsewa. Kan silinda kuma ya fito dama da hagu, ratsen da yake yi tsakanin motoci a Ahmadu Bello Way yanzu sai da lissafi. Ya fara da zuwa Zariya ya dawo kafin ya ɗaura kaya ya nufi nesa, ya kuma rabu da man 'yan bumburutu.

Yanzu ɗauko akwatin sifanun tauraro, ka buɗe mini matatar iska mu ga abin da hunturu ya zuba mata.