Shin aikin kwana huɗu a mako yana da amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciya ce a wani ofishi a nan Kano, kullum daga Rijiyar Zaki nake zuwa aiki. Na ji ana maganar mayar da aiki kwana huɗu a mako. Shin akwai amfani a ciki, ko kuwa buɗe ƙofar lalaci ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Akwai amfani ƙwarai, matuƙar an rage lokacin aiki ba tare da an taɓa albashi ba, kuma an sake tsara yadda ake gudanar da aikin.

An gwada wannan tsari. A ƙasar Aisland, tsakanin 2015 da 2019, an rage wa ma'aikata kimanin 2,500 sa'o'in aiki daga 40 zuwa 35 ko 36 a mako, kuma a mafi yawan wuraren aikin bai ragu ba. A Birtaniya kamfanoni 61 ne suka yi gwajin wata shida a 2022, daga ƙarshe 56 daga cikinsu suka zaɓi su ci gaba, saboda gajiya ta ragu, masu ajiye aiki ma sun ragu. Dalilin a fili yake: wanda ya huta ya fi mai da hankali, kuma idan lokaci ya ƙuntata, sai a rage tarurrukan da ba su da amfani da zaman jiran sa hannun maigida.

A Kano kuwa, a ganina, babbar riba tana wajen kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ma'aikacin da ke hawa a daidaita sahu sau biyu kafin ya isa Sakatariyar Audu Bako, ya kuma maimaita hakan da yamma, yana barin kaso mai tsoka na albashinsa a kan titi. Idan aka cire rana ɗaya cikin biyar, kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuɗi ya tsira. Ga shi Juma'a dama rabin yini ake yi, ana tashi domin masallaci. Maƙwabciyarmu Kaduna ta soma wannan tsari tun Disambar 2021, kuma cikin dalilan da gwamnati ta bayar har da samun lokacin iyali da noma.

Sai dai ba kowa zai amfana ba, kuma wannan yana damuna. Ɗan dako a Kantin Kwari da leburan da ake biya kullum a masana'antun Sharada, ranar da ba su fita ba babu cefane. Asibiti ma ba ya rufuwa, sai dai a yi karɓa-karɓa, wanda yake bukatar ƙarin ma'aikata.

Idan ofishinku ya kawo maganar, ki tambayi jimillar sa'o'in mako. Idan cusa sa'o'i 40 za a yi cikin kwana huɗu, sa'a goma ke nan kullum, za ki riƙa komawa gida dab da magariba, bayan yara sun daɗe da dawowa daga Islamiyya.