Ma'auni biyu da lagwani ɗaya

Ka tsare ni jiya a bakin injin busar da shinkafa, wai me ya sa nake sa ka kaɗa ma'aunin zafi guda biyu kamar mai korar ƙuda, alhali wayarka tana nuna danshin iska kashi kaza cikin ɗari. Ka kuma ce ba ka gane yadda ake fitar da yawan ruwan da ke cikin iskar ba. Na yi maka shiru ne don raina ya sosu, ka tuno mini da wata shinkafa. Zauna.

Wayar taka tukuna. Abin da take nuna maka daga wata tashar hasashen yanayi aka aiko shi, mai yiwuwa ta filin jirgin Malam Aminu Kano, ba daga cikin bututun injinmu ba. Ku yaran yanzu duk abin da ya fito a fuskar waya kun mai da shi aya.

Ma'auni ɗaya tsirara yake, zafin iska yake faɗa. Ɗayan an naɗe masa gindi da jiƙaƙƙen lagwani. Ruwan lagwanin yana tashi, yana tafiya da zafi, ma'aunin yana sauka. Ka dai san ruwan randa ya fi sanyi a watan Maris fiye da watan Agusta, to shi ke nan. Tazara mai faɗi tsakanin biyun, iska a bushe take. Sun matsi juna, iska ta ƙoshi. Yadda ake riƙe abin da yadda ake karanta digiri ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya koma tallar rake.

Ɗauki biro. A ce busasshen ya nuna 35, jiƙaƙƙen ya nuna 20, irin na bazara. Duba jadawalin tururi, wanda yake faɗin matsin tururin iskar da ta ƙoshi a kowane digiri, a kan 20, za ka ga matsi 2.34 na kilofaskal, wato awon matsi. Matsin iska a nan Kano wajen 96 ne, ba 101.3 ba, don mun fi teku tudu da mita ɗari huɗu da wani abu. Masu ɗauko taswirar danshin iska da aka zana don bakin teku su liƙa a bango a nan, kansu suke cuta. Ninka 96 da 0.00066, tsayayyar lambar irin wannan ma'auni, ka sake ninkawa da tazarar 15, ka samu 0.95. Cire shi daga 2.34, saura 1.39. Wannan shi ne matsin tururin da ke cikin iskar. In kana son kashi cikin ɗari ɗin nan da kake ƙauna, raba shi da 5.63, wato na digiri 35, zai ba ka wajen 25. Amma ni ba shi nake nema ba. Ninka 1.39 da 0.622, ka raba da abin da ya rage in ka cire 1.39 daga 96. Za ka samu 0.009 na kilo, giram 9 na ruwa ke nan a kowane kilo na busasshiyar iska. Shi 0.622 ɗin ba tsafi ba ne, nauyin ruwa 18 ne a kan nauyin iska 29. Tun 1911 Willis Carrier ya shimfiɗa wannan lissafi a Amurka, har yau bai tsufa ba. A Agusta kuwa, in ka samu 30 da 27, giram 23 za ka tarar.

Ka dafa iskar nan mai giram 9 zuwa digiri 60, kashi 25 ɗin zai faɗo zuwa 7, alhali ko ɗigo bai fita ba. Giram ɗin yana nan daram. Ta shiga shinkafa da 9, ta fito da 19, ka san kowane kilo na iska ya kwashi giram 10. Da wannan ake sanin girman fanka da yawan buntun da za a ƙona.

To, shinkafar. Shekarun baya wani Alhaji mai injin casa a wajen Kura ya ba ni kwangilar haɗa masa injin busar da gumi. Na haɗa shi da hannuna, har yau ban ga wanda ya kai shi kyau a yankin ba. Na ce ya sayi na'urar auna danshin ƙwaya, ya ce ai kakanninsa da haƙori suke gwadawa, kuma kuɗin da na caje shi ya isa ya sa in san komai. Sai na ce to, za mu bi ta iskar da ke fita. Muddin tana fitowa da laima, shinkafa tana ba da ruwa. Da ta fara bushewa, a kashe wuta a bar ƙwaya ta huta. Gumi haka yake, in danshinsa ya sauko wajen kashi 16 dole ka tsaya ya daidaita cikinsa da bayansa, sannan ka lallaɓa shi zuwa 14. Ka matsa masa, ya tsattsage ta ciki, ba ka gani sai ya shiga injin casa.

Daren farko na zubi babba, tsakiyar hunturu, na bar wani yaro kamarka da littafi, na ce duk rabin awa ya auna ya rubuta. Na ba shi kwalbar tataccen ruwa, irin farin da ake ƙara wa batir. Ya ƙare, ko ya zubar, Allah masani, sai ya ɗebo na burtsatse. Gishirin ruwan da ƙurar buntu suka haɗu suka daskare a lagwanin, ya zama kamar busasshiyar fata, ya daina jan ruwa. Da asuba na zo na duba littafi: 41 da 39, 44 da 42. Tazara biyu kacal. Na ce ashe shinkafar nan da sauranta, a ƙara wuta. Muka ƙara mata awa huɗu.

Abin da har yau yake cina shi ne ban zauna na yi lissafin ba. Minti biyu ne. Da na yi, da na ga 44 da 42 suna nufin wajen giram 57 a kilo, kuma iskar da ta shiga da digiri 60 ba ta da zafin da zai ɗago rabin wannan ruwa. A injin da ke aiki daidai, busasshen ne yake hawa yayin da ƙwaya take bushewa, jiƙaƙƙen yana tsaye kusan wuri ɗaya. In ka ga suna hawa tare kamar tagwaye, lagwani ne ya mutu. Na san wannan tun kafin a haifi yaron. Na kalli kashi 89 cikin ɗari da 44 da 42 suke bayarwa na gamsu.

Da aka casa, fiye da rabi tsaki. Buhu ɗari uku. Alhajin da ya ƙi sayen na'ura ya tara mini mutane a ƙofar injin, ya ce na ƙona masa dukiya. Ya riƙe cikon kuɗina gaba ɗaya, ya sayar da tsakin ga masu tuwo da masu waina ya mai da wani abu, ni ko sisi. Daga baya na ji ya kira wani ya sauya fenti, yana cewa daga Indiya aka kawo masa injin. Babur ɗina na sayar na biya masu walda. Yaron kuwa ko haƙuri bai ba ni ba, wai shi an ce ya rubuta, ya rubuta.

Na'urar zamani mai batir ta auna danshin iska da kake ta yi mini talla, ban hana ka ba. Amma ka zuba gishirin miya a murfin kwalba, ka ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke duka ba, ka rufe shi tare da na'urar a roba su kwana. In ba ta nuna kusa da kashi 75 ba, ƙarya take yi maka, kuma ƙurar gidan casa tana lalata su da wuri.

Gobe kafin a kunna fanka ka cire lagwanin nan ka sa sabo, na auduga, kada ka taɓa shi da hannun mai. Ka kaɗa sosai a inuwa har jiƙaƙƙen ya daina sauka, sau uku, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Ka kawo mini giram a rubuce, na shiga da na fita.