Goge kwanan kaya, "na goro" da ƙin biyan fatanti: amsa ga wani mai butiki a Damagaram

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta malam. Ina da butiki nan Damagaram kusa da kasuwar Dole, ina saida dabino mai kyau, zuma, cuku, man zaitun, madarar gari ta yara, sardin da tumatir na gwangwani, irin kayan da masu hali ke nema, wasu ta Agadas suke zo mani wasu ta Kano. Yanzu akwai katan wajen 40 da kwanansu ya wuce, kuɗinsu ya fi jika 600. Wani abokina ya ce in goge kwanan in buga sabo tunda kayan lahiya lau suke, in kuma ma'aikatan tsabta sun zo in ba su na goro su wuce. Sannan ban da takardun kasuwa kuma ba ni biyan fatanti, don na ji ana cewa haraji maksu ne haramun ne. Mi shari'a ta ce?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa, jika 600 ba ƙaramin abu ba ne a wannan lokaci, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka aikata.

Goge kwana a buga sabo haramun ne, ba na ganin wata kafa a nan ko kaɗan. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai saida abinci a tsibi, ya sa hannunsa ciki sai ya ji danshi, ya tambaye shi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. To ka duba alhaji, wannan mutumin bai rubuta ƙarya ba, jiƙaƙƙen kawai ya tura ƙasa, kai kuma ana ce maka ka ɗauki hannunka ka share gaskiya ka rubuta ƙarya a wurinta. Risala ta Ibnu Abi Zaid da muka karanta a zaure tun muna yara ta faɗa a babin ciniki cewa algus bai halatta ba, haka yaudara, haka ɓoye aibin kaya, haka gauraya mara kyau da mai kyau. Kwanan da ke jikin gwangwani shi ne idon mai saye, ba ya iya buɗewa ya sunsuna kamar yadda zai yi wa gero a tiya, da wannan rubutun ya dogara ya miƙa maka kuɗinsa, in ka canza shi to yardar da Allah ya shardanta a suratun Nisa'i aya ta 29 babu ita, don ya yarda ne da wani abu daban ba wanda ka ba shi ba.

Batun wai kayan lahiyarsu lau, wa ya gaya maka? Gaskiya ne rubutun iri biyu ne, kayan da aka rubuta da faransanci za ka ga wani "à consommer jusqu'au" wato bayan ranar nan cinsa haɗari ne, wani kuma "de préférence avant" wato daga ranar nan kamfani bai lamunce maka ɗanɗano da ƙarfinsa ba. Amma duk wannan lissafin an yi shi ne bisa an ajiye kayan yadda ya kamata, mu kuwa a Damagaram watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kaya sun kwana nawa bisa kamiyo cikin rana tsakanin Agadas da nan, sannan sun zauna a magaza mai rufin kwano, ga ɗaukewar wuta. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa guba ke iya zama cikinsa har ta kashe mutum. Madarar yara kuwa ita ta fi tayar mani da hankali wallahi, jariri ba ya magana, uwa ta haɗa masa ya yi ta zawo ba ta san daga ina ba, a kai shi likita ana kashe kuɗi, kai kana butiki ba ka ma da labari amma alhakin na wuyanka. Malik ya kawo a Muwaɗɗa: la darara wa la dirar, ba cuta ba cutarwa. Kuma wanda ya san aibi ya ɓoye har wani ya cutu, lamunin ɓarnar na kansa.

Dokar ƙasa ma a nan ba ta zo da wani sabon abu ba. Nijar na da dokar tsabtar jama'a tun 1993, kuma abin da ma'aikatan tsabta ke yi na kwashe lalatattun kaya a ƙona shi ne aikin da magabata ke kira hisba, malaman Malikiyya sun ambaci cewa Sayyidina Umar yana zubar da nonon da aka yi wa algus da ruwa don ladabtar da mai shi. Saboda haka bin wannan dokar wajibi ne ta fuska biyu, ita kanta kariyar rai ce, sannan ga umarnin biyayya ga majiɓinta lamari a Nisa'i aya ta 59 muddin ba saɓon Allah suka ce ba.

Wasu hanyoyi biyu da na san zuciya za ta kawo maka ma a rufe suke. Kar ka karya kuɗinsu ka sayar wa 'yan tebur masu kai wa kasuwannin ƙauye wajen Mirya ko Magarya inda da yawa ba su karanta boko, wannan taimakekeniya ce a kan zunubi, cutar ce dai ka tura inda asibiti ya fi nisa. Kuma kar ka ce za ka yi sadaka da su ga almajirai, Baƙara aya ta 267 ta hana mutum ya nufi mummuna ya ciyar da shi alhali shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Abin da kake da shi: in dilan da ya turo maka ya san kwanansu ya kusa ko ya wuce bai faɗa maka ba, shari'a ta ba ka ikon mayar masa saboda aibi ka karɓi kuɗinka. In a hannunka suka tsufa to asara ce ka haƙura a lalata su. Gaba kuma ka riƙa duba magaza duk wata, wanda ya rage masa kwana kaɗan ka sauke farashi ka faɗa wa mai saye da bakinka, wannan halal ne tas.

Na goro don a kau da kai daga kaya masu cutarwa cin hanci ne, Annabi (SAW) ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa, canza masa suna bai canza komai. Rangwamen da malamai suka yi na wanda ake zalunta ne, takardunsa cikakku kayansa masu kyau amma an tsare shi an ƙi sakinsa sai ya bada, ya nemi wata hanya ya rasa, wannan zunubin na mai karɓa ne. Kai ba nan kake ba alhaji.

Sai maganar maksu. E an yi masa narko mai tsanani, amma shi ne abin da ake ƙwace wa 'yan kasuwa da zalunci ba bisa wani haƙƙi ba. Harajin da hukuma ke sawa don buƙatar jama'a malamai sun yi magana a kansa, Imam Shaɗibi wanda Bamalike ne ya halatta shi in baitulmali ya gaza kuma aka yi adalci wajen sawa, akwai kuma waɗanda suka tsananta. Abin da nake ba ka fatawa da shi shi ne ka yi rajistar kasuwancinka wato RCCM, ka karɓi lambar mai biyan haraji wato NIF, ka biya fatanti da kuɗin duwan a inda aka tanada ka karɓi resi ka adana, in an ci amanar kuɗin wanda ya ci zai amsa gaban Allah. Kuma ka lura rashin takarda shi ke jefa ɗan kasuwa cikin bada hanci kullum, yana ƙarya yana ɓoyo, wanda ya gudu daga abin da aka yi saɓani a kansa ya faɗa wanda babu saɓani kan haramcinsa.

Harajin nan kuma ba ya ɗauke maka zakka. Mai butiki irinka shi ne malamanmu ke kira mudir, duk shekara za ka ƙiyasta kayan da ke kanta da magaza bisa farashin ranar, ka haɗa da tsabar kuɗi da bashin da kake sa ran za a biya ka, in ya kai nisabi ka fitar da 2.5 cikin 100. Katan 40 ɗin nan da za a lalata ba su shiga lissafi tunda ba su da ƙima.

Wallahu a'alam.