Direban Siminti da Maganar Sauri

Ka tambaye ni jiya muna wanke shebur: "Maigida, kullum kana yi mana faɗan mu yi sauri, amma direban da ya kawo siminti a makare sai sa masa albarka kake ta yi. Me ya sa?"

To ɗana, isowarsa kawai ka gani. Daga Kano ya ɗauko lodin, yana wuce Gezawa hadari ya haɗo. Tsayawa ya yi, shi da yaron motarsa suka sake ɗaure tamfol ta kowace kusurwa, don siminti in ya sha ruwa ya zama dutse, ba mai karɓar maka shi. Ka kuma lura da saukewar? Buhu mai kilo 50 ne, bai bari 'yan dako sun jefo ko ɗaya ba. Shi ya ce a shimfiɗa katako a ƙasa, a janye jerin daga jikin bango saboda danshi, kada a ɗora fiye da goma-goma. Wannan fa aikinmu ne, shi nasa ya ƙare tun da ya kashe mota.

Duk abin nan wayarsa na ta ƙara. Mai motar ne, so yake ya koma ya sake lodi kafin magariba. Da yawan direbobin nan da tirif ake biyan su, wato kowace tafiya da kuɗinta, ka ga lokacin da ya ɓata a kanmu daga aljihunsa ya fita. Tun 2017 'yan Road Safety suka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, amma na'ura ba ta hana mai mota kira. Irin matsin nan ne ke jefa wasu cikin shan ƙwaya don kada barci ya ɗauke su. Allah ya kyauta.

Saurin da nake nema wurinku daban ne. Da zarar ruwa ya taɓa kwaɓi ya fara kamawa, ba na so ya wuce rabin awa a ƙasa, ballantana in rana ta take. Nan ne nake ɗaga murya. Amma ka taɓa jin na ce a cire katakon da ke tallafe da dakin, wato rufin kankare, da wuri? Kankare sai an ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuwa sai kwana 28 yake cika, ko ɗan kwangila zai yi ta tsalle.

Ranar Asabar direban zai dawo da rodi. Ka tanadi ruwan sanyi da fura, ku fito ku kama masa saukewa, ya samu ya juya da wuri. Ni kuma zan kira mai motar in ce shi nake so ya riƙa kawo mana kaya.